Akwatin Kiɗa na Haɗin Gida: Yadda Ake Gano Dalilin Ɗaukewar Sauti

Orozo gari ne da ke kan hanyar Nyanya zuwa Karshi, a ƙaramar hukumar birnin Abuja, wato AMAC. A nan, kamar a Kurudu da Jikwoyi, da wuya ka wuce teburin mai shayi ko shagon aski ba ka ji akwati yana fitar da karatun Alƙur'ani, ko wa'azi, ko waƙar Shata ba. Wasu akwatunan na kanti ne, wasu kuwa matasa ne suka haɗa da hannunsu: katako ko tsohuwar jarka, sifikar mataccen rediyo, batiran da aka ciro daga tsohuwar laftof, da ɗan fanel na MP3 mai karɓar memori da filashi da Bluetooth.

Ciwon da ya fi damun irin wannan akwati shi ne sauti ya ɗauke, ya dawo, ya sake ɗaukewa. Na'urar da ta mutu gaba ɗaya ta fi sauƙin gyara, domin laifinta yana nan zaune. Mai yi tana fasawa kuwa, sau da yawa idan an kai ta gaban mai gyara sai ta yi lafiya lau. Saboda haka kafin a ɗauki sukuddireba, ido da kunne ne za su fara aiki.

Hanyar da sauti ke bi

Tsarin MP3, wanda injiniyoyin cibiyar Fraunhofer ta Jamus suka taka babbar rawa wajen samar da shi, ya zama ma'aunin duniya a 1993. Waƙa tana zaune a memori a matsayin lambobi. Fanel yana karanto lambobin ya mai da su siginar sauti mai rauni, amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi, sifika ta mai da ita muryar da kunne ke ji. Dukansu kuma daga batir suke shan wuta. Zango huɗu ke nan da rumbun wuta ɗaya, kuma a ɗayansu laifin yake.

Gwajin farko ba ya cin ko kwabo. A kunna waƙa daga memori, a zuba wa lambobin da ke ƙirga lokaci a fuskar fanel ido har sautin ya ɗauke. Abu uku ne zai iya faruwa.

Idan lambobi suna ci gaba da tafiya

Wannan ya wanke memori da fanel: laifin yana gaba, daga inda sauti ya bar fanel har zuwa sifika. A ɗauki tsinken katako ko na roba, a riƙa taɓa wayoyi ɗaya bayan ɗaya waƙa tana ci. Inda aka taɓa sauti ya yanke ko ya dawo, nan ne dalma ba ta kama ba, ko waya ta tsinke a cikin rigarta. Dalma mai lafiya tana da santsi kuma ta rungume waya. Mai ciwo takan dunƙule ko ta tsage, sai an sake narka ta.

Idan murɗa maɓallin ƙara murya yana kawo ƙarar ƙarce-ƙarce, ƙura ce ta shige shi. Wannan ya fi yawa da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, balle ga akwatin da ke yini a bakin titi. Ɗigon sifirit da murɗawa sau da yawa, bayan an cire batir, yakan wadatar.

Idan kuwa sai an yi mintuna ana kiɗa sannan ya ɗauke, ya huta ya dawo, zafi ne. Ƙananan amfilifaya irin PAM8403 suna kashe kansu idan sun yi zafi fiye da kima. Ita wannan an yi ta ne ta ba da wat 3 a kowane ɓangare ga sifika mai om 4. Wanda ya haɗa sifika biyu masu om 4 a baki ɗaya, kai da kai, ya mai da nauyin om 2, ya ɗora mata abin da ba za ta iya ba. A raba sifikun, a huda wa akwatin kafofin iska, a kuma ɗauke shi daga rana, musamman a bazarar Maris da Afrilu.

Idan fuskar fanel ta mutu ta dawo

Wuta ce ta gaza. Alamarta ita ce yankewar tana zuwa daidai lokacin da aka ƙure murya ko ganga ta buga da ƙarfi. Batir samfurin 18650 yana kai bolt 4.2 idan ya cika, yana aiki a wajen 3.7, kuma ya kusa ƙarewa idan ya sauko 3. Tsohon batir yana iya nuna 4.2 a mita alhali ba ya iya ɗaukar kaya: da amfilifaya ta ja wuta sai ya durƙushe, fanel ya mutu ya sake tashi. Don haka a auna shi waƙa tana ci, ba yana hutawa ba. Magani shi ne batir mai lafiya, waya gajera mai kauri, da kwandansa mai kamar maikurofarad 1000 kusa da amfilifaya, a kula kada a juya ƙafafunta. Batirin da ya kumbura ko yake zafi wajen caji a raba shi da akwatin nan take, domin yana iya kamawa da wuta.

Idan lambobi suka tsaya cak

Fanel yana da rai, amma abincinsa, wato waƙar da ke memori, bai iso masa ba. Waƙar MP3 ta yau da kullum tana cin kusan megabait 1 a minti. Fanel yana tara kaɗan a wata 'yar ma'ajiya, kamar randar da mai ruwa ke cikawa ana ɗiba. Idan ya makara, randa ta ƙafe, sauti ya yanke. Idan kullum a wuri ɗaya na waƙa ɗaya yake tsayawa, fayil ɗin ne ya lalace wajen turawa. Idan ko'ina yake tsayawa, a goge haƙoran memori, a gwada wani. Jabun memori ya yi yawa a kasuwa: yana nuna girman da ba shi da shi, kuma abin da aka zuba bayan ya cika yakan lalace. Yawancin waɗannan fanel sun fi jituwa da memori mai tsarin FAT32 wanda bai wuce gigabait 32 ba.

Idan ta Bluetooth kaɗai ake samun yankewa, a matso da wayar salula. Tazararsa kamar mita 10 ce a fili, bango da jikin mutum suna rage ta, akwatin ƙarfe kuwa yana toshe ta.

Ƙa'idar aiki

A canza abu ɗaya, a gwada, a rubuta abin da ya faru, sannan a matsa gaba. Wanda ya sauya batir da memori da waya a tashi ɗaya, ko akwatin ya warke bai san me ya warkar da shi ba, kuma ya kashe kuɗin abu uku a kan laifin abu ɗaya. Matashin da ya saba bin laifi zango-zango a kan ɗan akwatin kiɗa ya riga ya koyi hanyar da ake bi wajen gyaran inbata, da na'urar sola, da talabijin.