Hoton ƙashi ya ce lafiya lau, gwiwa ta ce da sauran magana: abin da na'urar MRI ke gani

A filayen ƙwallo na Kakuri, Barnawa da Sabon Tasha akwai wani rauni da ake yawan rainawa. Ɗan wasa ya kafa ƙafa ya juya da sauri, sai ya ji wani abu ya yi "ƙas" a cikin gwiwa. Kafin dare ta kumbura. Washegari a ɗauki hoton ƙashi, a ce babu karaya, daga nan sai wurin mai ɗori, a ce targaɗe ne.

Hoton bai yi ƙarya ba, iyakar ganinsa ke nan. Hasken eksire, wanda Wilhelm Röntgen ya gano a 1895, ƙashi ne ke tare shi, shi ya sa ƙashi ke fitowa fari. Jijiya da guringuntsi kuwa ratsa su yake yi ya wuce. To, abin da ya fi tsinkewa a irin wannan juyi shi ne jijiyar da likitoci ke kira ACL, wadda ke tsakiyar gwiwa tana hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba. Ita ce ta raba Virgil van Dijk na Liverpool da fili na tsawon watanni a Oktoban 2020.

MRI ta wata hanya take bi. Babu hasken eksire a cikinta. Ƙaton maganaɗisu ne ke jera ƙwayoyin haidirojin da ke cikin ruwan jiki, a bugo su da igiyar rediyo, kwamfuta ta saurari amsarsu ta mayar da ita hoto yanki-yanki. Mai ƙarfin Tesla 1.5 ta fi maganaɗisun duniya kusan sau 30,000. Lafiyayyar ACL tana fitowa kamar baƙar igiya a miƙe. Wadda ta tsinke takan fito a dagule, ko a neme ta a rasa. Aikin yana cin minti 20 zuwa 40, ga ƙara kamar ana buga guduma, kuma motsi kaɗan yana ɓata hoton.

Inda ta fi biyan kuɗinta shi ne abin da ke kewaye da jijiyar. Tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri akwai guringuntsi biyu masu siffar jinjirin wata, ana ce musu meniskus, su ne matashin da ke shanye nauyin jiki. Sau da yawa suna yagewa tare da ACL. Ko sun tsira ranar farko, gwiwar da ba ta da birki takan ci gaba da gocewa, kowace gocewa tana cin meniskus da santsin da ya rufe kan ƙashi. Wannan santsi ba shi da jijiyoyin jini, idan ya zaizaye da wuya ya dawo. Matashin da ya koma fili don kumburi ya saɓe yana iya gamuwa da ciwon gwiwa irin na tsofaffi tun da ƙuruciyarsa.

Tsadar hoton ma da dalili. Manyan na'urorin suna buƙatar ruwan hiliyom mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifiri, da lantarkin da ba ya yankewa, wato dizal. Akwai ƙanana masu Tesla 0.2 zuwa 0.35 da ba sa buƙatar hiliyom, suna iya nuna ACL da ta tsinke, amma ƙananan raunukan guringuntsi kan kuɓuce musu. Saboda haka a tambayi ƙarfin na'ura kafin a biya. Kuma likitan ƙashi ya fara duba gwiwar da hannu. Sau da yawa ya gane tsinkewar tun kafin hoto, shi zai ce ko ana bukatarsa.

Masu walda da makanikai na Kakuri da Makera, ku lura: duk wanda ɓarɓashin ƙarfe ya taɓa shiga idonsa, ko yake da na'urar daidaita bugun zuciya, ya faɗa tun a bakin ƙofa. Maganaɗisun manyan na'urorin ba ya hutawa, ko da babu kowa a kan gadon.