Kafin Ƙungiya Ta Sayi Hilux: Abin da Masu Ita Suka Gani

Da zarar kaka ta yi, buhuna suka taru a gindin rumbu, sai tsohuwar maganar nan ta sake tashi a taron ƙungiya. Wani ya miƙe ya ce kuɗin da masu mota suke karɓa a kan kowane buhu ya yi yawa. Wani ya ce ya kwana uku a bakin hanya da dankalinsa yana jiran mota, kafin ta zo har ya soma ruɓewa. Daga nan sai a ji an ce, to, me zai hana mu sayi tamu? In kuwa aka tambaya wace iri, kusan kowa Toyota zai ce, musamman akori-kurar nan da ake kira Hilux.

'Yan'uwa manoma, wannan shawara ba ƙarama ba ce. Kuɗin mota guda, ko da tsohuwa ce, ya isa ya cinye ajiyar ƙungiya ta shekara da shekaru, har da gudummawar gwauraye da tsofaffi. Domin haka ya kamata mu fara jin abin da waɗanda suka riga mu riƙe irin motar nan suka gani, mai daɗi da marar daɗi.

Inda sunan ya fito

An kafa kamfanin Toyota a ƙasar Japan a 1937. Wanda ya kafa shi, Kiichiro Toyoda, ɗan mai ƙera injin saƙa ne. Land Cruiser ta sami sunanta a 1954, bas ɗin Hiace ta fito a 1967, Hilux kuma a 1968. A ƙasarmu Peugeot ce ta fara riƙe hanyoyin karkara, gama tun 1975 ake harhaɗa ta a Kaduna, dattawa kuwa ba su manta da akori-kurar 404 da 504 ba. Sannu a hankali Toyota ta karɓe wurin. Ana ƙera Hilux a Tailan da Afirka ta Kudu da Ajantina, a 2021 kuma aka buɗe wurin harhaɗa ta a Tema ta ƙasar Gana.

Labari biyu ne suka fi yaɗa sunanta a duniya. Na farko a maƙwabtanmu ya faru. A 1987 sojojin Cadi suka kori na Libiya daga Fada da Wadi Dum, a arewacin ƙasarsu. Libiya tana da tankokin yaƙi da jiragen sama, su kuwa 'yan Cadi Hilux da Land Cruiser suka hau, suna ratsa rairayi da gudu. Har wa yau ana kiran wannan faɗa Yaƙin Toyota. Na biyu a Ingila ne, a 2003. Masu wani shirin talabijin na BBC mai suna Top Gear suka sayi tsohuwar Hilux mai shan gas. Suka bar ta teku ya rufe ta, suka cinna mata wuta, daga baya suka ɗora ta a kan wani dogon bene aka rushe shi da nakiya. Kowane karo bakanike ya tayar da ita da kayan aikin hannu kawai, ba a sa mata sabon ƙarfe ba. Amma masu ba da labarin sukan manta da ƙarshensa: inji ya tashi, i, sai dai shasin ya lalace ƙwarai. Motar nan ba ta ƙara ɗaukar kaya ba, ajiye ta aka yi don kallo.

Abin da masu ita suke yabo

In ka zauna da direbobi a tasha, ko a Saminaka ranar kasuwar masara, ko a Bokkos lokacin dankali, ba labarin Cadi za ka ji ba. Abin da suke yabo shi ne ba ta barin mutum a daji. Cikinta yana da tsawo daga ƙasa, ba ta yawan bugun dutse. Bodinta a kan shasin ƙarfe yake zaune kamar na babbar mota, bayanta kuma sifirin ne mai falle-falle, wanda in ɗaya ya karye ana canza shi kaɗai. Tsofaffin injunanta, irin su 22R mai shan fetur da 5L mai shan gas, ba su da wuyar sha'ani, bakaniken ƙauye ya san cikinsu kamar tafin hannunsa.

Abu mafi girma a ganina shi ne kayan gyara. Mota mai kyau wadda ba a samun kayanta ta zama akurkin kaji. Kayan Toyota kuwa suna nan a Ƙofar Ruwa ta Kano, da Panteka ta Kaduna, da Ladipo ta Legas, har da ƙananan shaguna a garuruwan da ba su kai waɗannan ba. Wannan ne ya sa in ka tashi sayar da ita ba ka rasa mai saye, kuɗinta kuma ba ya faɗuwa da sauri. Sai dai wannan alheri yana da nasa cizo. Tun da kowa yana nemanta, tsohuwar Hilux takan fi tsohuwar wata mota tsada nesa ba kusa ba, ɓarayi ma sun san darajarta. Kasuwa kuma cike take da jabun kaya a cikin kwali mai sunan Toyota, tun ba filtar mai da takalmin birki ba.

Abin da suka koka da shi

Kada wani ya ruɗe ku cewa ba ta da aibi. A ƙasashen da masu mota suke kai ƙara kotu, an rubuta aibobinta a fili.

A Amurka ba a sayar da Hilux, tun 1995 'yar'uwarta Tacoma ce a kasuwa. A jihohin da ƙanƙara take zuba, hukuma takan watsa gishiri a kan titi don ta narke, gishiri kuwa abokin tsatsa ne. Masu Tacoma da Tundra da Sequoia suka yi ta kuka cewa shasin motocinsu yana ruɓewa tun inji yana da sauran ƙarfi. A 2016 kamfanin ya yarda da sulhu wanda zai iya kai dala biliyan 3.4, domin duba motoci kimanin miliyan ɗaya da rabi da canza shasin waɗanda suka lalace. Me ya shafe mu? Ai da yawa daga motocin da muke kira tokumbo ko 'yan Kwatano daga can suke zuwa. Fenti yana walƙiya a sama, a ƙasa kuwa ƙarfe ya zama kamar ɓawon gyaɗa.

A Ostareliya kuma, a 2022, kotun tarayya ta yanke cewa Hilux da Prado da Fortuner fiye da 260,000 da aka sayar tsakanin 2015 da 2020 suna da lahani a matatar hayaƙin da ke cikin salansa. Matatar takan toshe, mota ta riƙa fitar da farin hayaƙi mai wari, tana shan mai fiye da kima. Darasin da ke ciki dominmu shi ne, sabuwar Hilux mai shan gas ba ɗaya take da ta kakanninta ba. Kwamfuta ce take auna mata mai, tana fesa shi da matsi mai tsanani ta ƙananan kafofi. Ɗan ruwa ko datti a cikin gas, irin wanda akan samu a jarkar 'yan bumburutu, ya isa ya kashe famfo da nozul, kuɗin gyaransu kuwa sai an sayar da shanu. Shi ya sa masu aiki a karkara da yawa suka fi son mai shan fetur, mai inji lita 2.7, ko da ta fi shan mai.

Masu Camry ta wajen 2007 zuwa 2009, mai inji lita 2.4, su ma sun san yadda wasunsu suke shanye baƙin mai, amma wannan ba motar gona ba ce, mu bar ta.

Yawancin mutuwarta daga hannunmu ne

Nan ne maganar ta fi shafarmu. An yi Hilux ta ɗauki kimanin tan ɗaya, watau kilo 1,000, a ciki har da direba da duk wanda ya hau. Buhu goma ke nan na masara mai kilo 100, ko buhu ashirin na takin zamani mai kilo 50, ba ma a cire nauyin mutane ba. Mai ƙofa huɗu ba ta kai mai ƙofa biyu wurin kaya ba. To, wa ya taɓa ganin akori-kura ta bar kasuwa da buhu goma kawai? Akan ɗora ashirin, mutane su hau bisa, a rataya awaki a gefe. Za ta tafi, gama tana da haƙuri, wannan haƙurin nata ne ma yake ruɗinmu. Amma sifirin yana miƙewa, kuloci yana ƙonewa a kan tudu, taya tana zafi, shasi yana tsagewa a bayan kan mota. Mafi muni, birkin da aka yi domin tan ɗaya ba zai tsai da tan biyu a gangaren dutse ba. Wanda ya san gangaren hanyar Jos zuwa Akwanga ya san abin da nake nufi. Ƙarin fallen sifirin da kanikawa suke yi yana ɗaga bayan mota, ba ya ƙara wa birki kome.

Sai baƙin mai. A hanyar burji mai ƙura, kada ya wuce kilomita 5,000 ba a juye shi ba, tare da filtarsa. Matatar iska kuma a riƙa duba ta kowane mako da hunturu, in ta huje a canza, gama ƙurar da ta shiga inji tana cinsa kamar yashi a dutsen niƙa. Lagireto yana son ruwansa na musamman da ake sayarwa a galan. Ruwan rijiya yana barin gishiri da tsatsa su toshe shi. In mota ta soma zafi, wasu kanikawa sukan cire ɗan ƙarfen nan mai tsare ruwa har inji ya ɗumama, su ce ƙasarmu ba ta bukatarsa. Wannan ɓoye ciwo ne, a nemi ainihin dalilin zafin. Waɗansu injunan gas, irin 5L da 2KD, suna da bel na roba a ciki wanda yake da ajalinsa a littafin mota. In ya tsinke ana cikin tafiya, inji ya tafi.

Akwai wata cuta kuma da ta fi kama motar ƙungiya. Motar mutum ɗaya tana da mai jin ciwonta. Motar mutum arba'in kuwa, yau shugaba ya aika a ɗauko masa yashi, gobe ɗan ma'aji yana koyon tuƙi, jibi an kai amarya, ba wanda ya zuba ko kwabo a asusu. Ranar da giya ta lalace sai a tarar akwati wayam, a jingine mota a kan duwatsu a gindin mangwaro, zumunci kuma ya soma tsami. Ƙungiyoyin da motarsu ta daɗe, direba ɗaya suke da shi mai lasin, makulli a hannunsa yake kwana. Akwai littafi a cikin mota, ana rubuta kowace tafiya da kilomitanta da man da aka sha. Kowa yana biya, har shugaba. Ɗaukar marar lafiya ko mace mai naƙuda da dare, wannan a yanke shawararsa tun da wuri a rubuta, kada a tsaya gardama ranar da abin ya faru.

Ku yi lissafi tukuna

Tun da aka janye tallafin fetur a Nijeriya a watan Mayu na 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta kai naira 1,000. Saboda haka bari mu yi lissafin da lita, ku sa farashin garinku. A ce daga ƙauyenku zuwa kasuwa kilomita 50 ne, zuwa da dawowa 100. A ce motar ta sha lita 13. In buhu goma ta kai, ta komo ba kome, kowane buhu ya ci lita ɗaya da ɗan ƙari. Bayan tafiya hamsin irin wannan, juyen baƙin mai ya yi. Ku ƙara albashin direba, da taya, da inshora, da sabunta takardu, da abin da za a riƙa ajiyewa domin babban gyara da sayen wata in wannan ta tsufa. Sa'an nan ku tambayi kanku wata nawa a shekara za ta yi aiki. In watanni uku na kaka ne kawai, haya ta fi muku arha, ko ku haɗa kayanku ku ɗauki shatar babbar mota sau ɗaya. In kuwa za ta kai amfani kasuwa ta komo da taki da iri da siminti, rani da damina, to, tana iya biyan kanta.

In kun ƙudura saye, kada ku tafi da dillali kaɗai, ku tafi da bakanikenku, da safe kafin a tayar da inji, gama inji mai ɗumi yana ɓoye laifinsa. Ya shiga ƙarƙashi da fitila da ƙaramar guduma ya ƙwanƙwasa shasi daga gaba har baya, yana neman tsatsa da tabon walda. Ya buɗe murfin baƙin mai, in ya ga abu fari-fari kamar kindirmo, ruwa yana haɗuwa da mai. Shuɗin hayaƙi alama ce inji yana ƙona baƙin mai. Kada ku gaskata lambar kilomita da ke allon gaban direba, ana mai da ita baya, gara ku dubi yadda sitiyari da abin taka birki suka suɗe. Ku lura ko an juya sitiyarin daga dama zuwa hagu, gama irin wannan aiki in ba a yi shi da kyau ba yana da hatsari. Lambar da aka buga a jikin shasi ta yi daidai da ta takardun kwastan, harafi da harafi. Kuɗi kuma a biya ta banki da sunan ƙungiya, a gaban shaidu biyu daga cikinku, takardun mota su fito da sunan ƙungiya, kada su fito da na shugaba.