Yadda Rubutunka Ke Yi Maka Shaida a Manhajojin Neman Aure

A zance irin na gargajiya, yarinya tana ganin shigarka, tana jin muryarka, tana lura da yadda ka gaida mutanen gidansu. A manhajar neman aure kamar Muzz, ko a akwatin saƙon Facebook, babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Hoto ne da 'yan layuka. Kafin ma ta buɗe saƙon, wayarta ta riga ta nuna mata layin farko a saman allo. Idan abin da ta gani shi ne “slm ykk”, to da shi za ta auna ka.

Wannan ba zato ba ne. A 2009 shafin OkCupid na Amurka ya bi diddigin saƙonnin farko sama da 500,000. Kusan kashi 32 cikin 100 ne ke samun amsa, amma masu ɗauke da gutsurarrun kalmomi irin su “ur” da “wat” sun faɗi ƙasa da haka sosai. Su kuwa masu “haha” sun kai kashi 45. Wato ba raha ce mutane suka ƙi ba, ganda suka ƙi.

Masu bincike a Jami'ar Tilburg ta ƙasar Holan su ma sun gano cewa kurakurai ba ɗaya suke ba. Kuskuren yatsa wajen danna harafi yana sa a ɗauke ka marar kula. Kuskuren ƙa'idar harshe kuwa yana sa a yi shakkar iliminka. Ba kowa ke lura ba, amma wanda ya lura, ƙimarka kan ragu a idonsa.

Mu masu rubutu da Hausa muna da ƙarin matsala. Yawancin wayoyi da Turanci suke zuwa, sai ka rubuta kalmar Hausa wayar ta “gyara” maka ita zuwa wata daban. Ga kuma haruffa masu ƙugiya. “Baki” daban, “baƙi” daban. Idan ka rubuta “bata”, mai karatu sai ya tsaya tunani: “ba ta” kake nufi ko “ɓata”?

Gyaran ba ya cin minti biyar. Shiga saitin Gboard, ka je wurin harsuna, ka ƙara Hausa, za ka samu ƙ da ɗ da ɓ, kuma wayar za ta rage yi maka karambani. Ka yi cikakkiyar sallama, ka faɗi sunanka, ka ambaci wani abu da ka karanta a bayananta don ta san ba saƙon da ka tura wa mutum ashirin ba ne. Sannan ka karanta sau ɗaya kafin ka tura. Haka ke ma, 'yar'uwa, idan za ki mayar da amsa.

Sai dai a kiyaye: tsabtar rubutu ba ita ce shaidar hali ba. Yanzu ɗan damfara ma yana iya sa ChatGPT ya tsara masa saƙo tsaf. Rubutu zai iya buɗe maka ƙofa, amma bincike da shigo da magabata suna nan a matsayinsu.