Fastar waƙa da ta fim: manhajar kyauta ta isa, ko sai ta kuɗi?

Tun da na fara haɗa wa mawaƙan yankinmu na Ɗanzomo da Gumel hoton waƙa, tambayar da ake yawan yi min ita ce: "Wai dole sai da Photoshop ake aikin ƙwararru?" Amsar ta danganta da inda hoton zai je, kan waya ko kan bango.

Mu fara da na kuɗi. Photoshop na kamfanin Adobe ya fito tun 1990, amma daga 2013 suka daina sayar da sabonsa gaba ɗaya, sai dai haya, duk wata ka biya. Ka daina biya, ya daina aiki, kuma farashin yana bin dala ne. CorelDRAW shi ma na kuɗi ne, kuma shi za ka fi tararwa a shagunan masu buga bana da katin biki.

Na kyauta kuwa suna da yawa. A waya akwai Snapseed na Google don gyaran haske da kala, da PixelLab don ɗora rubutu. Canva akwai ɓangaren kyauta da na kuɗi, amma yana son data. A kwamfuta akwai GIMP, wanda yake nan tun 1996, kuma da zarar ka sauke shi ba ruwanka da intanet, abin da ke da amfani a wajenmu da netwok yake zuwa yana ɗaukewa. Akwai kuma Photopea, a burauza yake aiki, har fayil ɗin Photoshop na PSD yana buɗewa.

Idan hoton a waya za a kalle shi, wallahi na kyauta ya wadatar. Hoton waƙar da za a ɗora a Audiomack ko Spotify murabba'i ake so, an fi yin sa 3000 sau 3000. Hoton gaban bidiyon YouTube, irin wanda kuke gani a kan Labarina ko Izzar So kafin ku danna, an fi yin sa 1280 sau 720. Babu wanda zai kalla ya gane da me aka yi. Abin da ido ke gani shi ne fuskar jarumi ta fito sarai, kuma rubutu ya karantu.

Matsalar tana farawa ne wajen bugawa. Fuskar waya tana haɗa kala da haske, shi ake kira RGB. Injin bugawa kuwa tawada huɗu yake haɗawa, CMYK. Ni kaina na taɓa cin karo da wannan: na yi wa wani abokina mawaƙi bana a waya, shuɗin rigarsa yana sheƙi, da aka bugo sai ga shi ya dushe, fuskar kuma ta farfashe don hoton ƙarami ne aka ja shi. Da kuɗina aka sake bugawa. Photoshop da CorelDRAW suna bari ka yi aiki a CMYK tun farko, GIMP kuwa bai kai su ba a nan. Don haka kafin ka fara, tambayi mai bugawa girman da yake so da irin fayil ɗin da zai karɓa.

Sai batun wanda aka fasa, da ake tura wa mutane a filashi. Kayan sata ne, kuma sau da yawa da bairos yake zuwa. Ka kwana uku kana aikin mutane, rana ɗaya laftof ta ƙi tashi, me za ka gaya wa mai waƙa?

Shawarata: ka koyi aikin da na kyauta, musamman yanke hoto daga bayansa, jera leya, da zaɓen rubutu. Ranar da aikin bugawa ya fara zuwa maka a kai a kai, har abin da kake samu a wata ya ninka kuɗin hayar, to lokacin biya ya yi. Kafin nan, gara ka sa kuɗin a data da cajin waya.