Willie Nelson: faifan kaɗaici da faifan filin rawa

Shekara 34 ne tsakanin faifan Red Headed Stranger na 1975 da Willie and the Wheel na 2009. Duka biyun Willie Nelson ne ya rera, amma wanda bai san shi ba zai rantse mutum biyu ne.

Na farkon ya yi shi ne a wani ƙaramin ɗakin ɗaukar sauti a garin Garland na jihar Texas. Ya koma kamfanin Columbia da sharaɗin ba mai sa masa baki a aikinsa, sai ya kawo musu faifan da kusan babu komai a ciki: muryarsa, jitarsa Trigger, piyanon yayarsa Bobbie, ɗan abin busa na bakin Mickey Raphael, da ganga a can baya. Manyan kamfanin suka ji kamar gwaji ne ba a kammala ba. Ya kafe, aka fitar da shi yadda yake. Labari ɗaya waƙoƙin ke bayarwa, na wani mai wa'azi da ya kashe matarsa da mutumin da ta bi, ya shiga duniya da nauyin abin da ya aikata. A nan ne Blue Eyes Crying in the Rain ta Fred Rose ta zama waƙa ta farko da ya rera da bakinsa ta hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin kantiri.

Idan ka sa shi da dare, gida ya yi tsit, za ka ji shirun da ke tsakanin kalma da kalma. Trigger ɗin nan, tsabar kaɗawa ta huda mata rami a jiki, kuma sautinta a faifan a bushe yake, ba ado. Ni dai ban taɓa sauraronsa ina wani aiki ba. Sai na ajiye abin da ke hannuna.

Na biyun kuwa na taro ne. Salon western swing ne, kiɗan rawa da Bob Wills da Milton Brown suka assasa a Fort Worth a farkon shekarun 1930, inda gogen ƙauye ya haɗu da jaz da kakaki da jitar da ake kwantarwa ana goga mata ƙarfe. Furodusa Jerry Wexler ne ya fara tunanin Willie ya yi irin wannan faifai tun lokacin da suke tare a kamfanin Atlantic a shekarun 1970. Shi ya zaɓo tsofaffin waƙoƙin, Ray Benson da ƙungiyarsa Asleep at the Wheel suka ɗauki aikin, sai Allah ya yi wa Wexler rasuwa a 2008 kafin faifan ya fito. A Hesitation Blues da Corrine Corrina kowane makaɗi sai an ba shi fili ya nuna gwanintarsa, Willie kuma ɗaya ne cikinsu kawai.

Wanne ya fi? Ba na ɓoyewa, na 1975 ya fi shiga zuciyata, kuma shi ya canja tafiyar rayuwarsa. Amma masu ɗaukar na 2009 a matsayin shaƙatawar dattijo sun yi masa rashin adalci. An haifi Willie a Abbott a 1933, ya tashi yana jin Bob Wills, har yana matashi ya taɓa shirya masa wasa. Wannan ɗabi'a tasa ta jan murya a bayan kiɗa, ya bar makaɗa su wuce sannan ya tarar da su daidai gaɓa, daga irin wannan kiɗan ya sha ta. A Red Headed Stranger jinkirin yana fitowa kamar nauyin zuciyar mai nadama. A Willie and the Wheel kuwa, da yake akwai goge da ganga suna riƙe da lokaci, sai ka ga ashe wasa yake da shi, yana sakinsa yana kamowa yadda ya ga dama.

Bayan na saba da na biyun na koma na sa na farkon. A Blue Eyes Crying in the Rain, daidai inda yake ɗan tsayawa kafin ya ƙarasa baiti, sai na lura ƙafata tana buga ƙasa a hankali.