Hoton Gona Tsakanin Funtuwa da Malumfashi

Furen auduga ba ya daɗewa. Da hantsi yake buɗewa, fari mai ɗan surkin ruwan ɗorawa, kafin gari ya sake wayewa ya rikiɗe ya koma ja-ja, bayan kwana ɗaya ko biyu kuma ya bushe ya faɗi, ya bar ɗan ƙullin da zai girma ya fashe da kaɗa. Manoman Daudawa da Maska da Kafur sun san haka tun suna yara, amma da wuya ka sami wanda ya ajiye hoton fure guda a ranarsa ta farko da ta biyu. Ba kuwa rashin kayan aiki ba ne. Yau samarin Funtuwa da Malumfashi da Tecno ko Infinix suke yawo a aljihu, sai dai hotunan biki da na Sallah da na sabon ɗinki ne suka cika wayoyin. Ita gona, da yake kullum ido na kanta, an ɗauka babu abin ɗauka a cikinta.

Akwai 'yan ƙalilan da suka juya kyamarar wayarsu wajen kunya da kara da tsuntsu, ba don a biya su ba. Ni a ganina abin da suke yi ya wuce sha'awa kawai, domin wannan yanki ya sauya kama a gaban idon mutanen da ke raye yanzu, kuma shaidar sauyin kaɗan ce a hannunmu.

Kudancin Katsina ƙasa ce mai ruwa. A shekara mai kyau akan sami milimita 1,000 ko fiye, alhali can wajen Katsina da Daura abin bai cika wuce 600 zuwa 700 ba. Daga kusa da Funtuwa ma kogin Sakkwato ya samo tushe. Wannan ni'ima ce ta sa Turawa suka kwaɗaitu da audugar yankin, layin dogo daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya ratsa ta Funtuwa a ƙarshen shekarun 1920, kamfanin audugar Turawa, BCGA, ya kafa injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi. Da aka kafa hukumar auduga ta ƙasa a 1977, a Funtuwa aka ajiye hedikwatarta, har zuwa 1986 da aka rushe ta. A tsakiyar shekarun 1970 kuma shirin bunƙasa noma na Funtuwa, wanda Bankin Duniya ya tallafa, ya zo da taki da sabon iri da hanyoyin karkara, masara ta bar bayan gida ta mamaye manyan gonaki. Dattijon da ya bi hanyar Bakori zuwa Malumfashi yana yaro ya ga farin kaɗa da jan dawa. Jikansa masara da waken suya da shinkafa yake gani. Ka nemi hoton kasuwar auduga ta ƙauyenku, da jakuna a jere da ma'auni a rataye, ka ga yadda za ka sha yawo.

Duk wanda ya fara ɗaukar hoto a fili, abu na farko da zai lura da shi shi ne haske ba iri ɗaya ba ne a shekara. Hazon hunturu ya fi komai ba sabon shiga haushi. Ya hango dutse ko kuka daga nesa, ya ɗauka, ya duba ya ga komai ya yi fari fat ba armashi. Wannan ƙura ba daga titin garinmu ta tashi ba. Kaso mai yawa nata daga wani kwari yake fitowa a arewacin Chadi, ana ce masa Bodele, wanda shekaru dubbai da suka wuce ƙasan wani makeken tafki ne. Ƙananan halittun ruwa da suka mutu a cikinsa sun bar farin gari mai laushi, iskar arewa maso gabas kuma idan ta matso tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi sai ta ƙara ƙarfi ta kwashe shi sama, cikin 'yan kwanaki ya iso ƙasar Hausa. Sama takan yi shuɗi ne saboda ƙwayoyin iska ƙanana ne ƙwarai, sun fi warwatsa shuɗin da ke cikin hasken rana a kan sauran launuka. Ƙwayar ƙura kuwa babba ce, duk launukan take warwatsawa kusan daidai, shi ya sa sama ke komawa fari ko toka-toka, abin da ke nesa ya dushe.

Amma hazon da ya hana ka nesa shi ne ya ba ka kusa. Haske na zuwa ta ko'ina, inuwa ba ta da kaifi, fuskar manomi a ƙarƙashin malafa tana fitowa sarai. Lokacin ne ya dace a tsuguna a gaban tattasai da tumatirin da aka shanya a kan fako a wajen Ɗanja, ko damman dawa da aka jera, ko hannun tsohuwa tana sheƙar wake ƙaiƙayi na bin iska. A nan ne kuma auduga ke yaudarar waya. Wayar tana auna hasken da ke gabanta ta nemi tsaka-tsaki, idan fari ya cika fuskarta sai ta rage, kaɗa ta fito kamar ta sha datti. Maganin abin shi ne a taɓa kan audugar a fuskar wayar, a ɗan ja alamar rana sama har farin ya dawo. A kuma riƙa goge gilashin kyamara da ƙyalle mai laushi, bayan an hure ƙurar tukuna, don gogewa kan ƙura karce gilashi take yi.

Damina ba ta da wannan matsala. Ruwa na wanke iska, washegarin ruwan dare sai ka hangi itatuwan da ka manta suna wurin. Hoton da ya fi kowane kyau a wannan yanki, a nawa ra'ayin, shi ne na yammacin da hadari ya haɗo. Iskar da ke kawo danshi daga kudu maso yamma take zuwa, daga teku, amma can sama akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas, ita ke tura manyan gizagizai yamma. Shi ya sa manomi gabas yake duba. To idan la'asar ta yi, rana ta karkata yamma, hadari ya yi baƙi ƙirin a gabas, hasken na faɗa wa masarar da ta yi goyo ta gaba, kowane ganye ya yi shar a kan baƙin gajimare. Mintuna kaɗan abin ke ɗauka kafin iska ta taso. Bakan gizo ma a nan yake fitowa, domin kullum kishiyar rana yake tsayawa: sai ta kasance a bayanka, ɗigon ruwa na gabanka. Sai dai wanda ya ji tsawa ta matso ya bar fili, kada kuma ya fake ƙarƙashin doguwar bishiya.

Littattafan koyon hoto na ƙasashen Turai suna yawan yabon dogon hasken yamma. Mu namu gajere ne. Funtuwa na wajen digiri 11 da rabi ne arewa da tsakiyar duniya, rana kusan a miƙe take faɗawa, kafin a idar da sallar magariba a gama gaisawa duhu ya fara shiga. Mai son hoton shanun huɗa suna komawa gida cikin jan haske, ya kasance a bakin hanya tun la'asar sakaliya.

Bayan haske sai abin da hasken ke faɗa wa, kuma a nan ne mai kyamara ke zama ɗalibin manomi. Itatuwa da tsuntsaye suna da lokutansu. Ɗorawa na rataya jajayen furanninta masu kamar ƙwallo a ƙarshen sanyi, jemagu na zuwa musu da dare, su ne ma ke taimaka musu wajen barbara. Rimi na sakin audugarsa a bazara. Shamuwa na isowa daga kudancin Afirka gab da faɗuwar damina ta yi sheƙa a itatuwan cikin gari. Bayan ruwan fari shinge na tashi daga suri, ƙwaron nan ja mai laushin karammiski ya fito yana tafiya a kan rairayi, balbela ta biyo garma tana tsintar abin da aka tono. Gawo kuwa nasa tsarin daban ne: da damina, lokacin da komai ya yi kore, shi a tuɓe yake, sai kaka ta yi ya fid da ganye. Don haka ba ya tare wa shuka rana, ganyen da ya zubar taki ne, 'ya'yansa abincin dabbobi ne da rani. Wanda ya tsaya wuri ɗaya ya ɗauki gawo guda a Agusta ya sake ɗauka a Janairu, ya sami darasin da malamin firamare zai yi awa guda yana bayani a allo.

Ba kowane kyakkyawan abu ne abin murna ba. A Satumba akan ga wata ciyawa mai furanni ruwan hoda, siririya, ta fito jere a gindin dawa ko masara. A hoto babu kamarta. Ƙuduji ke nan, wasu su ce wuta-wuta. Irinta ƙanƙane ne har ido ba ya rabe shi da ƙasa, yakan kwanta fiye da shekara goma yana jira, ba ya tsirowa sai ya ji sinadarin da saiwar hatsi ke fitarwa. Daga nan ya liƙe wa saiwar yana tsotsar ruwa da abinci tun yana ƙarƙashin ƙasa, kafin furen ya bayyana an riga an cuci shukar. Ka matsa kusa za ka ga dawar da ke gefensa ta tsumbure, ganyenta ya yi rawaya kamar fari ya kama ta alhali ƙasa a jiƙe take. Tushe guda kan zubar da iri dubun-dubbai. Mai hoton da ya yanke dawar ya bar furen kaɗai ya faɗi rabin magana. Wanda ya haɗa su biyun ya ba malamin gona abin da zai yi aiki da shi. Haka nan tsutsar nan mai cin zuciyar masara da ta bayyana a Nijeriya a 2016: hoton ganyen da ta huda, da kashinta a cikin kunnen shukar, ya isa a gane ta daga nesa.

Abin da ke mai da hoton sha'awa ya zama shaida abu biyu ne: kwanan wata da wuri. Misali mafi kusa yana wajen maƙwabtanmu na Nijar. A jihohin Maraɗi da Damagaram manoma sun shafe shekaru suna barin tohon itatuwa a gonakinsu suna yi musu aski maimakon sarewa, abin da suke kira sassaben zamani. Duniya ba ta san girman aikin ba sai da masana, cikinsu har da Gray Tappan na hukumar safiyon ƙasa ta Amurka, suka ɗora hotunan sama na 1975 kusa da na wajen 2005, aka ga itatuwa sun dawo a fili mai faɗin kimanin hekta miliyan 5. A birnin Kiyoto na Japan kuma, rubuce-rubucen ranar da wata bishiya ke cika fure sun kai sama da shekara 1,200, kuma da su ake nuna cewa yanzu furen na saurin fitowa. Waɗanda suka rubuta ba masana yanayi ba ne, mutane ne masu son fure. Idan wani a Malumfashi ya riƙa ajiye hoton shamuwar farko kowace shekara, ko ya tsaya kan tudu ɗaya a bakin dam ɗin Mairuwa ya ɗauki iyakar ruwa duk ƙarshen Afrilu, nan da shekara ashirin maganar "damina ta canza" za ta sami abin dafawa.

Matsalar ita ce waya na faɗawa ruwa, ana sace ta, ana sayar da ita ranar da taki ya yi tsada. Hoton da aka tura ta WhatsApp yadda aka saba kuma yana rasa inganci, bayanin ranar da aka ɗauke shi ma yana gogewa, sai in an tura shi a matsayin fayil. Gara a zaɓi kaɗan a kai a wanke, a rubuta a bayansu sunan ƙauyen da ranar da inda aka fuskanta.

Sai ladabi, wanda ba ya cikin littafin kowace kyamara. Gona tana da mai ita. A yi sallama, a ce "Sannu da aiki, Baba," a faɗi ko ɗan gidan wa ne, a nemi izini, a nuna masa abin da aka ɗauka. Mata a bakin rijiya ko masussuka ba a ɗaga musu waya sai da yardarsu, ruga kuma ba a shigarta da kyamara a hannu. Baƙo ya fara biyawa ta wurin mai unguwa.

A 'yan shekarun nan abin ya wuce ladabi ya zama maganar rai. Ƙauyuka da yawa a Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara sun sha fama da 'yan bindiga, mutumin da ba a sani ba yana ɗaukar hoton hanya ko garke ana iya ɗaukarsa infoma, kuma ba za a ga laifin masu zargin ba. Hoton shanun huɗa ko rumbuna cike da aka saka a Facebook da sunan gari na iya jawo wa mai su bala'i. Irin waɗannan a ajiye su a gida, a kashe alamar wuri a wayar kafin a yaɗa komai. Akwai gonakin da shekaru ke nan ba a shiga ba, sabara da geza sun rufe kunyoyinsu. Su ma suna buƙatar a ɗauke su in hali ya yi, kuma 'ya'yan masu gonakin ne kaɗai suka san inda iyakar kowace take.