Intabiyun kujerar manajan injiniyoyi: Inda iya rubuta manhaja kaɗai ba ya fitar da mutum

Injiniyan da ya shekara bakwai ko takwas yana rubuta manhaja, wanda shi ake tasowa da tsakar dare idan aiki ya tsaya cak, yakan shiga intabiyun neman kujerar manaja da ƙarfin gwiwa. Ya yi makonni yana bitar dabarun warware matsalolin kwamfuta. Sai a fara, mai tambaya ya ce ya ba da labarin ranar da ya sallami wani daga aiki, ko yadda ya yi da ma'aikatansa biyu da suka daina ga-maciji ana saura kwana goma a miƙa aiki. A nan ne da yawa ke yin tsuru-tsuru.

Ba ƙaramin abu ake nema ba. Manajan injiniyoyi shi ke riƙe da tawagar masu rubuta manhaja, galibi mutum biyar zuwa goma: shi ke ɗauka, shi ke auna ƙwazo, shi ke neman wa mutum ƙarin girma, kuma shi ke amsa tambaya idan aiki ya makara. Ga ɗan Najeriyar da ke nema a kamfanonin hada-hadar kuɗi irin su Paystack, Flutterwave, Moniepoint da Interswitch, ko a kamfanin waje da ke biya da dala yana zaune a Kano ko Kaduna, wannan kujera na iya sauya rayuwar gida guda.

Sai dai kujerun sun ragu. A watan Nuwamban 2022 Meta ya sallami ma'aikata kusan 11,000, Google ya biyo baya da 12,000 a Janairun 2023, Microsoft kuma 10,000 a wannan watan. Bayan nan Meta ya shiga rage matakan shugabanci. A Satumban 2024 shugaban Amazon, Andy Jassy, ya nemi a ƙara yawan ma'aikatan da ke ƙarƙashin kowane manaja da aƙalla kashi 15 cikin 100. Ma'ana, mai neman kujerar a yau yana gogayya ne har da tsofaffin manajojin da suka rasa tasu.

Me ake aunawa?

Tsarin ya kusa zama ɗaya a manyan kamfanoni. Jami'in ɗaukar ma'aikata zai fara kira na rabin awa, sai ganawa da wanda zai zama ubangidan mai neman aikin, sannan jerin ganawa huɗu zuwa shida, kowace kusan awa guda. Ɗaya kan kula da mutane, ɗaya kan tafiyar da aiki, ɗaya kan zana tsarin babbar manhaja, wasu kamfanonin kuma har yanzu suna sa mutum ya rubuta manhaja a gabansu ko ya duba wadda wani ya rubuta. Tambayar farko da ya kamata a yi wa jami'in ita ce yadda jerin yake, domin yakan faɗa ba tare da ɓoye-ɓoye ba, kuma da wannan amsar ake raba lokacin shiri.

Dalilin da ya sa batun mutane ya fi nauyi yana da tarihi. A farkon shekarun 2000 Google ya gwada cire manajojin injiniyoyi gaba ɗaya, cikin 'yan watanni ya dawo da su. Daga baya, a 2008, kamfanin ya fara wani bincike mai suna Project Oxygen don gano abin da ya bambanta manajan kirki da na banza. An fitar da halaye takwas. Iya horar da na ƙasa ya zo kan gaba, ƙwarewar fasaha kuma ta zo ta ƙarshe a jerin. Ba cewa aka yi ba ta da amfani, amma ba ita ce ke riƙe ma'aikaci ba.

Labaran da ake tanada

Mafi yawan shirin ba karatu ba ne, tuna baya ne. Masu horar da masu neman irin wannan aiki kan ba da shawarar mutum ya zauna da biro da takarda ya rubuta labarai kamar goma daga aikinsa: wanda ya ɗaga daga ƙasa har ya samu ƙarin girma, wanda ƙwazonsa ya faɗi, saɓani da mai tsara abin da kamfani zai sayar, aikin da ya rushe, ranar da ya ce wa shugabansa a'a. Ana jera kowane labari bisa salon da ake kira STAR: halin da ake ciki, abin da aka ɗora masa, matakin da ya ɗauka, da abin da ya biyo baya. Minti biyu zuwa uku ya wadatar, sauran mai tambaya zai tono da kansa.

Kuma zai tono. Amazon, alal misali, yana gina tambayoyinsa a kan ƙa'idojin jagoranci 16, kuma yana saka wani mai tambaya daga wani sashe daban, wanda ake kira Bar Raiser, da ke da ikon hana ɗaukar mutum ko da sashen na matuƙar buƙatarsa. Irin wannan mai tambaya ba ya barin labari a inda aka ajiye shi. Wace rana ka fara lura? Me ka ce masa da bakinka? Me ya sa ka jira wata uku? Labarin ƙarya ba ya wuce tambaya ta uku.

Akwai wata matsala da ta fi damun wanda ya tashi a gidan da aka koya masa cewa yabon kai jahilci ne. Bakinsa ya saba da "mun yi", "mun gyara", "Allah ya taimake mu". Ɗabi'a ce mai kyau, amma mai tambaya yana riƙe da takardar da zai rubuta abin da wannan mutum ɗaya ya yi, kuma idan ya tashi bai samu abin rubutawa ba, shi ke nan. Mafita ba fankama ba ce. A faɗi aikin tawaga a matsayin na tawaga, sannan a ware shawarar da mutum ya yanke shi kaɗai, da dalilinsa, da abin da ya jawo, ko da bai yi daɗi ba.

Tambayar ma'aikacin da ya gaza ita ce mai wuyar sha'ani. Wanda ya nuna ya yi saurin kora, za a ga ba shi da tausayi; wanda ya nuna ya yi ta kawaici shekara guda yana ɗauke wa mutumin aikinsa, za a ga ya bar sauran tawagar da kaya. Abin da ake son ji shi ne an gaya wa ma'aikacin gaskiya da wuri, an bincika ko rashin lafiya ko damuwar gida ce, an ba shi wa'adi da abin da za a auna, an rubuta komai. Ba a ambatar sunansa. Mai tambaya na lura da yadda mutum ke rufa wa tsohon ma'aikacinsa asiri, don gobe nasu ne zai riƙe.

Wanda bai taɓa riƙe muƙamin manaja ba kada ya ara. Jagorantar aiki guda, koya wa sababbi, da zama cikin masu tantance sababbin ma'aikata duk abin faɗa ne, muddin an kira su da sunansu. Littafin Camille Fournier, The Manager's Path, wanda ya fito a 2017, ya bi waɗannan matakai ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa masu shiri da yawa ke farawa da shi.

Allo da alƙaluma

A ganawar zana tsari, za a iya cewa ya tsara manhajar tura kuɗi da miliyoyin mutane za su yi amfani da ita. Injiniyan Najeriya na da abin faɗa a nan fiye da yadda yake zato. Duk wanda ya ga farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, ya san abin da ke faruwa idan jama'a suka yi wa manhajojin banki rubdugu: a cire kuɗi a nan, ba su isa can ba. Yadda za a hana cire wa mutum kuɗi sau biyu idan ya sake dannawa, da yadda za a daidaita lissafi bayan sadarwa ta yanke, su ne ainihin abin da ake son ji. Bambancin manaja da injiniya a wannan ɗaki shi ne ana sa ran ya yi tambaya kafin ya zana, ya faɗi abin da kowane zaɓi zai ci na kuɗi da lokaci, da mutum nawa aikin ke buƙata.

Kan tafiyar da aiki kuwa, alƙaluma ne ke magana. Littafin Accelerate na 2018, wanda Nicole Forsgren da Jez Humble da Gene Kim suka rubuta, ya yaɗa ma'aunai huɗu: sau nawa ake fitar da sabon gyara, tsawon lokacin da gyara ke ɗauka kafin ya isa ga jama'a, kashi nawa ke jawo matsala, da saurin farfaɗowa idan abu ya lalace. Wanda ya san nasa alƙaluman na da da na yanzu ya wuce wanda zai ce kawai aiki ya inganta. Idan kuma aka tambaye shi yadda zai ceto aikin da ya makara, kada ya yi saurin cewa a ƙaro mutane. Tun 1975 Fred Brooks ya nuna a littafinsa The Mythical Man-Month cewa hakan kan ƙara jinkiri, saboda tsofaffin hannu ne za su bar aiki su koma koyarwa.

A ƙarshen kowace ganawa ana barin 'yan mintuna don tambayar mai neman aiki, kuma ita ma ana auna ta. Me ya faru da wanda ya bar kujerar? Mutum nawa suka bar tawagar a bara? Akwai wani a ciki da ya nemi wannan muƙamin bai samu ba? Amsar ta ƙarshe ita ke nuna irin watannin farko da ke jiran sabon manaja.

Sai ƙananan abubuwan da ke kayar da mai yin intabiyu daga gida. Ƙarfe 9:00 na safe a California ƙarfe 5:00 ko 6:00 na yamma ne a Najeriya, don haka jerin ganawa na iya cin Magariba da Isha'i. Kamfanoni kan yarda a raba jerin kwana biyu ko a saka hutu a tsakani, idan an nema tun wajen tsara lokaci. Layin intanet na biyu, batir mai caji da man janareta kuwa, a tanade su tun ana gobe, a kuma gwada manhajar zanen da kamfanin ya ce za a yi amfani da ita kafin ranar.